Na Je Zance Har Chaina

Tun da na dawo ban samu na yi ɗinkin kirki ba. Mai kawo atamfa ta ajiye ta nemi kujera, wadda ba ta kawo komai ba ita ma ta nemi kujera, kuma tambayar ɗaya ce: "Rakiya, yaya Chaina?" Na san ba Chaina ce ta dame su ba. Mamuda suke tambaya, kunya ce ta sa suke zagayowa ta Chaina. Bakina ya gaji, ga ɗinkin mutane ya taru. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya daga farko, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ce a Briketeri, nan Yawunde. Aurena ya mutu da daɗewa, ina da 'ya ɗaya da ke makarantar lise, wato sakandare. Mamuda kuwa ɗan unguwarmu ne, gidansu na kan gangaren da ake bi zuwa Ekudu, amma ban san shi ba sai da ya yi shekaru a Chaina. Wata ƙawata ce ta ba ni lambarsa, ta ce yana saya wa mutane kaya ya auno musu. Na sa ya sayo mini zare da duwatsun ado. Kaya suka iso, na tura godiya, ya turo amsa, na amsa amsar. Aka wayi gari zaren ya ƙare, magana ba ta ƙare ba. Muka yi kusan shekara uku a haka.

Maganar aure ta taso tun da wuri, kuma kullum zai zo "bayan Salla". Ƙarama ta wuce, babba ta wuce, wata ƙaramar ta sake zagayowa. Sai na ce wa kaina zuwa da kai ya fi aike. A wurinmu namiji ke zuwa zance ƙofar gidan mace. Ni ce na haɗa jaka na nufi ƙofar namiji, ƙofar kuma tana bangon duniya.

Yayana ya ce ba inda za ni sai da babba. Aka haɗa ni da Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifinmu, wadda iyakar tafiyarta a duniya Garwa ce, kuma har yau tana ƙorafin hanyar. Ta tambaye ni sunan garin, na ce Gwanzu.

"Gwanjo?" in ji ta. "To ai daidai ne. Ke ba sabuwa ba, shi ba sabo ba."

A ofishin biza aka tambaye ni abin da zai kai ni, na ce kasuwanci. Ban ga na yi ƙarya ba, ai ciniki ne, kayan ne kawai ban faɗa ba. Takardar gayyatar da Mamuda ya samo mana daga wani kamfanin leshi ta fito, babu sunansa ko'ina a jiki. Ya ce haka ake yi a can, na yarda. Mai so ba ya wuyar yarda.

Ni jakata kayan sawa ne. Ta Gwaggo kuwa kasuwa ce guda: kilishi, yaji, kuka, daddawa, man shanu a gora, da butarta ta roba da ta ce ba ta yarda da butar kowace ƙasa ba.

Daga filin jirgin Nsimalen muka tashi, muka sauka Addis Ababa don canjin jirgi. Sanyi ya ishe mu, zama ya ishe mu. Wurin cike yake da mata 'yan kasuwa masu zuwa Chaina kamar yadda muke zuwa kasuwar Mokolo. Wata Hajiya daga Kano ta ji muna Hausa ta matso, ta koya mana abubuwa da yawa, sannan ta tambayi wanda zai tarbe mu.

Na ce, "Wani ɗan'uwanmu ne."

Ta dubi sabon lallen da ke hannuna, ta dube ni. "Allah ya sa ɗan'uwan yana da takarda," in ji ta, ta koma kan wayarta. Na ɗauka irin maganar manyan mata ce da ba ta da kan gado.

A jirgi na biyu Gwaggo ta rikice da lokutan salla, don rana ta fito a lokacin da agogonta bai yarda ba. Da ta ji daga bakin Hajiyar cewa a Chaina yamma ake fuskanta a yi salla, sai ta taɓo ni.

"Ƙasar da gabas ɗinta ke yamma, Rakiya, me kike nema a cikinta?"

Da muka sauka aka ɗauki hoton fuska da na yatsu, aka buga mana hatimi ba tare da kowa ya nemi na goro ba, abin da ya sa Gwaggo ta fara zargin akwai wata a ƙasa. Ai kuwa akwai. Muna ɗaukar kaya sai ga wani ɗan kare sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya shinshina jakar Gwaggo ya zauna a gabanta cikin ladabi. Gwaggo ta ɗaga murya tana salati, tana cewa a janye mata najasa daga abinci. Jami'in duwan, wato kwastan, ya sa safar hannu ya zaro kilishin nan ya ɗaga shi sama yana juyawa, kamar ya kama takardar sirri. Kilishi ya tafi, man shanu ya bi shi. Da ya zo kan daddawa ya buɗe ya shinshina, na ce yau sai kurkuku. Sai ya miƙa wa abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, suka gyaɗa wa juna kai kamar sun gamu da 'yar garinsu, suka mayar mata da abarta.

A nan na kunna waya don in ce wa Mamuda mun iso. Shiru. Ashe hanyar da muka shekara uku muna hira da ita ba ta aiki a ƙasar, sai wanda ya san ta bayan gida. Na zo garinsa, kuma ban taɓa yin nisa da shi kamar wannan lokacin ba.

Muka fito wurin masu tarba, na duba fuska ɗaya bayan ɗaya, babu shi. Akwai dai wani Basine da ke ta kai da komo, ya ɗaga waya sama da hoton wata mace fara sol, mai siririn hanci, fuska sumul kamar ƙwai. Ya zo gabana ya dube ni, ya dubi hoton, ya wuce. Ya sake dawowa ya sake wucewa. Gwaggo ce ta riƙo hannun rigarsa.

"Ke, wannan ba mayafinki ba ne?"

Nawa ne. Hoton da na ɗauka ne a wurin mai hoton unguwar Tsinga, wanda na ce masa ya ɗan gyara kaɗan. Basinen, ashe direba ne Mamuda ya aiko, ya daɗe yana gwada ni da hoton, a ƙarshe dai ya yarda da mayafin, ya ɗauki kayanmu. Ya kunna mini saƙon muryar Mamuda: wai aiki ya riƙe shi, mu huta, gobe da hantsi zai zo.

Masaukin ɗan ƙaramin otal ne a unguwar da baƙar fata da Musulmi suka fi yawa. Ɗakin bai fi shagona ba, katifar kamar teburin yanka, taga kuma tana kallon bangon maƙwabta. Ruwan sha na zafi ne, ko ka roƙi na sanyi sai a dube ka da tausayi a ƙaro maka na zafi. Da muka leƙa titi sai muka ji wani yana zagin wani da Hausar Maraɗi, ga mai gasa nama a kwana, ga masu tura kaya a baro suna neman hanya.

Gwaggo ta ce, "Duk wannan wahalar don mu zo Briketeri mai hawa-hawa?"

Washegari na yi kwalliyar da ban yi ba tun aurena na fari. Aka kai mu wani shagon taliya na Sinawa Musulmi, mazan da fararen huluna, matan da ɗankwali. Ina zaune ina jiran mai babbar riga, sai ga wani ya faka ɗan babur mai batir, ya shigo da sauri da riga mai gajeren hannu da gorar ruwan zafi rataye a kafaɗa. Shi ne. Gaskiya shi bai gyara hotonsa ba, furfurar ce kawai hula ke ɓoyewa.

Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, amma gaisuwar ko rabin hanya ba ta kai ba ya miƙe. Ba gajiya, ba mutan gida, ba "ya muka ji da hanya". Ya dube ni ya ce, "Rakiya, kin iso." Na ce na iso. Mutumin da ke cika mini waya da magana har batir ya mutu, ga shi a gabana yana gyara zaman gora, ni kuma ina karanta bangon shago da ban iya rubutunsa ba. Sai da muka yi ta haka har abinci ya zo.

Taliyar a gabanmu aka ja ta da hannu, aka zubo ta cikin romo a kwano kamar na wanke hannu, aka ba mu tsinke bibbiyu. Mamuda ya sunkuya ya share tasa kafin in kama zare ɗaya. Gwaggo ta gwada, taliya ta zille, ta sake gwadawa ta fantsala mata romo a ido. Sai ta ajiye tsinken, ta wanke hannu da butarta, ta yi bisimilla. Matar mai shagon ta tsaya tana kallo, can ta ɗaga mata babban yatsa.

Da Gwaggo ta ciro ƙullin daddawa ta miƙa masa, sai ya kai hanci, ya rufe ido. Da ya buɗe, idon ya yi ja. Ni da na ƙetare teku ban samu wannan kallon ba, daddawa ta samu. Daga nan bakinsa ya buɗe. Mai soyan bakin masallaci yana nan? An gyara kwalbatin gangarensu? Wane tsoho yana raye? Ya lissafo mutane, Gwaggo tana cewa "ya rasu", "ta rasu", "wannan ya koma Ngaundere". Ya tambayi Inna, mahaifiyarsa, ko da gaske ne tana tafiya da sanda yanzu. Na ce da gaske ne. Na lura duk zaman nan bai ba ƙofa baya ba, kuma kujerar da ya zaɓa tana kusa da hanyar kicin.

Kwanakin da suka biyo ya zaga da mu kasuwanni. Na ga leshi hawa bakwai a gini ɗaya, na ga keken ɗinkin da ke yin aikin wuyan riga shi kaɗai, mutum na gefe yana shan shayi. Mutanen ba su da gaisuwa. Ka shiga shago ba mai tambayar ka kwanan iyali, sai a miƙo maka na'urar lissafi ka danna, shi ma ya danna, ku yi ta faɗa da yatsa ba wanda ya rantse da kabarin ubansa. Amma in sun ce kaya za su iso da azahar, da azahar ɗin suke isowa, abin da ni tela ban ji daɗin ganinsa ba.

Da la'asar sakaliya tsofaffin matansu kan taru a fili su kunna kiɗa su yi ta rawa a jere, ba biki ba suna. Gwaggo, wadda a gida ko kiɗan ƙwarya ta ji sai ta yi wa'azi, ta tsaya tana Allah wadai. Wata tsohuwa ta zo ta kama hannunta tana murza lallen don ta ga ko zai fita, suka yi ta magana kowa da harshensa, suna dariya. Kafin in ankara an ja Gwaggo cikin layi. Ta ce mini ba rawa ta yi ba, motsa jini ne. Ina da hoton, kuma ta san ina da shi.

Abin da na lura shi ne Mamuda ba ya bin babban titi. Kullum ta lungu, ta bayan gini, ta cikin kasuwar kifi. Na ce ya kai mu dogon benen nan da yake turo mini hotonsa, ya ce sai an samu lokaci. Na ce mu hau jirgin ƙasa mu ga wani gari, ya ce ai duk garuruwan iri ɗaya ne.

Ranar da abin ya fashe muna fitowa daga kasuwar leshi ne, yana ɗauke da ledojinmu. Gwaggo ta yi gaba kaɗan da gangan. Ya tsaya, ya ajiye kayan, ya dube ni sosai a karo na farko.

"Rakiya, na san ban iya magana a gabanki kamar a waya ba. Amma wallahi, duk abin da zai faru a duniyar nan, ba zan taɓa barin ki..."

Na sunkuyar da kai don kunya, kamar yadda ya kamata. Da na ɗago, ledoji ne kawai a gabana.

'Yan sanda biyu ne suka shigo layin suna duba takardun baƙi. Suka karɓi fasfo ɗinmu, suka duba, suka mayar mana da hannu biyu, ɗaya har ya taya ni tattara leda. Muka tsaya a wurin kamar an dasa mu, ba waya, ba hanya, ba harshe. Allah ya taimaka katin otal na cikin jakata, na nuna wa mai taksi. Duk hanyar kuka nake riƙewa. Gwaggo ce ta yi magana.

"Na ga maza masu gudun mata iri-iri. Amma wanda ya gudu a tsakiyar rantsuwa, yau na fara gani."

Da safe ya zo shagon taliya ya same mu, gwiwar wandonsa a yage, tafin hannunsa a kuje. Katanga ya haura. Bai jira an tambaye shi ba.

"Bizata ta mutu tun kafin in san ki. Na ce zan gyara, abin ya yi nisa. In na kai kaina, za su tsare ni na wani lokaci, su sa ni a jirgi, kuma ba ni ba dawowa. Duk abin da na gina a nan ya tafi."

Na ce, "To bayan Sallar da kake ta faɗa mini fa, Malam Mamuda?"

Gwaggo ta ce, "Ai bai faɗi wace Salla ba."

Sai ya kawo shawararsa, kuma na ga alama ya daɗe yana tauna ta. Akwai wani malami ɗan Nijar a unguwar da ke ɗaura aure. Gwaggo ga ta, ana iya kiran Yaya a waya ya ba da waliyi. In zauna, teloli na samu sosai a nan, baƙi na neman mai ɗinkin gida.

"In bizata ta ƙare fa?"

"Ana sabawa."

"Da me? Da haura katanga? Ni da zani?" na ce masa. "In bar 'yata ta riƙa jin muryata a waya tana jiran bayan Salla? Ka ce in zo in taya ka ɓuya, ba aure ba."

Ya ce, "Rakiya, ba ki gane ba. Ranar da zan tafi na ce wa Inna ba zan dawo ba sai na gina mata bene. Duk unguwa ta ji. Yanzu in sauka da jaka ɗaya, an koro ni? Da wace fuska?"

Gwaggo ta ture kwanonta gefe. Ban taɓa jin ta yi magana a hankali haka ba.

"Ɗan nan, uwarka dakalin ƙofar gida ma sai an riƙe ta take hawa. Me za ta yi da bene? Ubanka ya rasu, wasu suka ɗauki makararsa. Kana so ita ma a turo maka hoto?"

Ya kifa kai a kan tebur. Matar mai shagon, wadda ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta zo ta ajiye masa kofin ruwan zafi ta koma. A ranar na gane amfanin ruwan nan: yana ba mutum abin riƙewa.

Ban ce masa na fasa ba, ban ce na yarda ba. Na ce ni gida za ni, kuma ya san hanyar gidan. Ranar tafiyarmu ya raka mu iyakar bakin lungu, inda ƙasarsa ta ƙare. Ya buɗe baki zai yi alkawari, na ce ya bar shi, na ga yadda na baya ya ƙare. Muka yi dariya mu duka biyu, irin wadda ake yi don kada a yi wani abin.

Mun dawo da leshi, da ƙaramin keken aiki, da gorar ruwan zafi da Gwaggo ta saya ta ce don baƙi ne. Taksin da ya ɗauko mu daga Nsimalen ya mutu sau biyu a hanya, direban ya tambaye mu lafiyar kowa har da ta Sinawa, na ji kamar in rungume shi.

Na huta na je gaida Inna. Na yi ta shirya yadda zan lulluɓe maganar, amma tana jin sallamata ta ce, "'Yar nan, kin gan shi da idonki?"

Na ce, "Na gan shi, Inna."

"Ya yi furfura?"

"Ya yi."

Ta yi dariya har da tafa hannu, wai ita a ranta har yanzu mai baƙin gashin nan ne. Sai kawai na faɗa mata komai, har katangar. Ta daɗe tana juya carbi.

"Da ma na sani," in ji ta. "Ɗan da bai zo jana'izar ubansa ba, ko dai ba shi da zuciya, ko ba shi da hanya. Ni kuwa na san abin da na haifa."

Bayan 'yan makonni ya turo mini saƙo, mafi gajarta da ya taɓa turowa. Ya sayar da babur, ya miƙa wa wani abokinsa sauran kayan mutane, ya mayar da makullin ɗaki. Da safe zai je ya kai kansa. Ya ce za su karɓe wayar, kada in ji shiru in tsorata.

Tun ranar wayarsa a kashe take. Ƙawayena sun kasu biyu: masu cewa ya toshe ni ne ya samu wata, da masu cewa da ma can aljani ne. Ni ban san yaushe za su sake shi ba, ban san da wace rama zai sauka ba, ban ma gama sanin amsar da zan ba shi ba. Inna dai ta sa an share ɗakin zaure, an yi masa farar ƙasa. Kullum da hantsi takan dogaro sandarta har ƙofar shagona, ba ta shiga, sai ta leƙo.

"'Yar nan, ya kira?"

"Shiru, Inna."

"Alhamdulillahi," in ji ta. "Yana hanya."